Takardar da Ban Tambaya Ba

Ɗaliban ƙasarmu da ke karatu a Lyon suna da wani zama da suke yi duk ƙarshen wata, a wani ɗaki da ke ƙasan dogayen benayen unguwar Minguettes. Sukan kira wani babba ya faɗa musu yadda ya nemi abincinsa a ƙasar nan. Watan jiya layi ya zo kaina. Ban gama faɗin abin da nake yi ba, wata 'yar Maraɗi mai suna Balkisa ta ɗaga wayarta ta ce ai wannan aikin na'ura tana gama shi kafin shayi ya huce. Aka yi dariya, ni ma na taya su, don ba da raini ta faɗa ba. Amsar da na ba su ce nake rubutawa a nan, ban rage komai ba.

Sana'ata bin diddigin alkawari ce. Kamfani zai fito ya ce ya daina zuba dagwalo a kogi, ko ya daina sayen kaya daga inda ake bautar da ma'aikata. Ni ce mai zuwa in duba ko haka ne, in rubuta rahoto, a sa masa hannu. Masu biyanmu su ne asusun ajiyar ma'aikata, da ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda muke ce wa sandika, da wasu tsofaffin mata masu hidimar coci da suka zuba ɗan abin hannunsu a jari. Dukansu suna da ƙuri'a a babban taron shekara na kamfani, kuma suna so su san wa za su ɗaga wa hannu. Rahoton kansa ba kowa ke karanta shi har ƙarshe ba. Abin da suke saye a wurinmu shi ne sa hannun da ke ƙasan shafi.

Aikina na farko ɗakin hutu ne. Wani kamfanin ajiye kaya a bayan gari ya ce ya gina wa ma'aikatansa ɗakin hutu da wurin wanka. Uwar ɗakina a aikin, Madam Odet, wata busasshiyar Bafaranshiya ce da ta kafa ofishin namu, wanda muke ce wa buro, da kanta a wani bene kusa da tashar jirgin ƙasa, ita ta miƙo mini dosiyen, wato fayil ɗin aikin. Na buga waya, aka aiko mini da littafi mai sheƙi, ga hoton ɗaki har da tukunyar fure. Na kai mata ina jin kaina. Ta duba ta ce wa ya ɗauki hoton. Na ce kamfani. Ta ce to in ɗauki jakata. Bas biyu na shiga, na ƙarasa da ƙafa cikin ruwan sama. Ɗakin yana nan kamar yadda aka faɗa, sai dai a kulle yake, mabuɗi yana aljihun shugaban wurin, ta taga kuma na hango kwalaye har rufi. Ma'aikatan a bakin katanga suke cin abincinsu a tsaye.

Da na dawo ta ajiye mini fensir uku a kan tebur: kore, ja, da mai ruwan toka. Kore na alkawarin da aka cika ne, ka kuma gani da idonka ko ka riƙe takardar shaida a hannunka. Ja na wanda aka karya ne, shi ma da shaida. Na toka kuwa na abin da ba ka iya tabbatarwa ba ne, ko da ranka ya ba ka gaskiya ne. Har yau da komai ya koma cikin na'ura, launukan nan uku ne a fuskar rahotonmu. Ta ce kore da ja kowane sakarai yana iya sa su, ma'aikaci a wurin toka ake gane shi, domin babu mai son sa. Kamfani zai ce ka ɓata masa suna, wanda ya biya ka zai ce ya biya kuɗinsa ka ce masa ba ka sani ba. Dokokinta biyu ne kacal. Ba takarda, ba magana. Sannan ba a cin abinci da wanda ake bincika.

Sauran kayan aikin ba su da yawa. Takalmi mai ƙwari, waya, da haƙurin zama a ɗakin jira har sakatare ya gaji da ganin fuskarka. Akwai kuma rashin kunya, wanda shi ne na sha wuyar koya. Ni da aka rena a Damagaram, inda ba a kallon babba ido cikin ido, sai ga ni ina ce wa mai furfura sa'an ubana na ji bayaninsa amma ya nuna mini a rubuce. Shekarar farko in na faɗa sai in sunkuyar da kai. Daga baya na shafa wa idona toka, har aka san ni da shi. Akwai daraktan da ya taɓa cewa gara masa ciwon haƙori da ziyarar Fassuma, wato ni. Shekara goma sha ina aiki ba a taɓa mayar mini da kore ɗaya ba, har Madam Odet ta daina duba dosiyena kafin su fita.

Dole in kawo Baba Lawali a nan. Aminin mahaifina ne tun suna yara, ya yi karatun lauya, yana aiki a hedikwatar wani kamfanin sinadarai a Paris, sashen kwangiloli. Ranar da na sauka ƙasar nan da akwati ɗaya da ɗan mayafi a tsakiyar sanyi, shi na tarar a filin jirgi riƙe da rigar sanyin matarsa. Shekara guda na yi a gidansu a Stains, can gefen Paris, unguwar da ya ƙi bari ko da ya samu hali, wai masallacinsa da mutanensa suna nan. Shi ya zaunar da ni ya faɗa mini rasuwar mahaifina. Shi ya ba da aurena. Dokar Madam Odet kuwa ta zame masa abin tsokana. In na je gaishe su na ce na ci abinci a hanya, sai ya miƙo hannu ya ce ina takarda.

Shekarar da ta karya ni daga Amurka ta taso. An yi zaɓen shugaban ƙasa, wasu 'yan majalisa suka miƙe suka ce ba su yarda da sakamakon ba, har taron jama'a ya kutsa cikin majalisar. Mu da muka taso inda ake kwana da gwamnati a wayi gari babu ita, muka kalli talabijin baki buɗe, mun zaci irin wannan sai wajenmu. A nan Faransa doka ta hana kamfani ba ɗan siyasa kuɗi. Can kuwa akwai hanya: manyan ma'aikata su tara kuɗi a wani asusu mai ɗauke da sunan kamfanin, shugabanni su zaɓi 'yan siyasar da za a ba. Kamfanonin nan masu rassa a can, rassan nasu ma suna da irin wannan asusun. Cikin 'yan kwanaki sanarwa ta dinga fitowa, kowane kamfani yana cewa ya daina ba 'yan majalisar da suka ƙi sakamakon zaɓe. Da hayaniya ta lafa, wasu suka koma ba su a hankali, ba sanarwa, ba kunya.

Wahalar wannan aikin tana wuri ɗaya. Duk kuɗin da aka ba ɗan siyasa a can yana fitowa a rajistar da kowa zai iya dubawa, amma ba nan take ba, wani lokaci sai bayan watanni. A tsakanin nan babu shaida sai jerin sunayen da ma'ajin asusun ya sa wa hannu, wanda ke cikin kamfani. Ka nemi jerin. An ba ka, ka karanta ka sa kore ko ja. An hana ka, ka sa toka ka jira rajista. Yaron da ya fara aiki jiya ma ya san wannan.

Dosiyen da ya zo tebur ɗina na kamfanin su Baba Lawali ne, mai babbar masana'anta a Saint-Fons, nan gefen Lyon. Na gaya wa Madam Odet ina da uba a hedikwatar. Ta ce mutum ɗaya cikin dubbai, a sashen kwangila, ba ruwansa da wannan, kuma hannaye sun yi mana kaɗan. Wadda ta nemi rahoton Nadiya ce, wakiliyar sandika a masana'antar, gajeruwar mace mai babbar murya, iyayenta daga Aljeriya suka zo. Ta ce ba ta yarda sunan da take sawa a ƙirjin rigar aikinta ya bi kuɗi zuwa aljihun wanda ya ƙi ƙuri'ar mutane ba. Lokacin sanyi guda ta yi tana lallashin asusu-asusu har ta haɗa goyon bayan da ake bukata don gabatar da ƙuduri a taron shekara, ƙudurin da zai tilasta wa kamfanin buga sunan duk ɗan siyasar da ya ba. Kamfanin ya ce ta janye, ai tuni an daina. Ita kuma ta tsaya gaban ma'aikata ta ce:

"In Fassuma ta sa kore, na janye. In ba ta sa ba, mu haɗu a Paris."

Na rubuta wa kamfanin ina neman jerin sunayen. Sati biyu shiru. Sannan aka amsa cewa za a aiko mutum Lyon ya yi mini bayani baki da baki. Na je tasha tarbar baƙo, sai ga Baba Lawali yana saukowa daga jirgi cikin kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa, da ƙunshin kilishi da matarsa Hajiya ta aiko mini. A nan ya kamata in buga wa Madam Odet waya in ce a canza ni. Ban buga ba. Kuma ba yadda za a yi in zaunar da shi a kujerar baƙi ta buro, ni ina bayan tebur kamar alƙali. Na ɗauke shi a tiram, jirgin cikin gari, zuwa gidana a Vénissieux, na tuƙa masa tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa. Doka ta biyu ta tafi ke nan tun kafin azahar.

Muka gaisa gaisuwar gida, ya tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya, ya ba ni labarin waɗanda suka rasu a Damagaram. Gidan da ɗumi, amma ya ƙi cire kwat. Sai da ya wanke hannu na yi ƙasa da kai na kawo maganar. Ya dubi kwanon da ke gabansa ya ce:

"An daina, ɗiyata. Tun randa aka yi alkawali ba a sake ba depite ɗin nan na majalisa komi ba."

Kalmomin suna bakina. Sau dubu na faɗe su ga mutanen da suka fi shi muƙami. Amma in ce wa mutumin da ya ba da aurena ya nuna mini a rubuce, daidai yake da in ce masa maƙaryaci a cikin ɗakina, bayan ya ci tuwona. Na ce to Baba, na gode. Ya ce shi ke nan tambayar tawa? Na ce shi ke nan. Bayan ya yi salla ya sake cewa ba sauran abin da aikina ke bukata? Na ce babu. A tasha, ƙafarsa ɗaya a cikin jirgi, ya juyo ya ce in yi tunani da kyau, ko na manta wani abu. Na yi dariya na ce ya gaida Hajiya.

Washegari na zauna da dosiyen. Toka ya kamata in sa, na kuma sani. Amma toka tana nufin maganar Baba Lawali ba ta isa ba, kuma kamfanin zai san wanda aka aiko bai yi amfani ba. Na sa kore, na sa hannu. Madam Odet ba ta duba ba, don ta daina dubawa. Nadiya ta karanta wa ma'aikata rahoton a ƙofar masana'anta, ta janye ƙudurinta, asusu-asusun da ta haɗa kowa ya kama gabansa.

Rajistar ta fito bayan taron shekara ya wuce. Wani ɗan jarida ne ya fara gani. Asusun reshen kamfanin ya koma ba wasu daga cikin 'yan majalisar nan tun kafin Baba Lawali ya hau jirgin Lyon. Nadiya ta zo buro da kanta, ba ta zauna ba. Ta ajiye rahoton a gabana ta tambaye ni ko na ga jerin sunayen. Na ce ban gani ba. Ta ce to me na gani. Na ce wani dattijo ne da na yarda da shi ya faɗa mini.

"Ni ma wata dattijuwa ce da na yarda da ita ta faɗa mini," ta ce, ta fita.

A zaɓen wakilan sandika da ya biyo baya aka kayar da ita. Wasu sun ce kamfani ya saye ta, ita da ko kofin kofi ba ta taɓa karɓa a hannunsu ba. An ce mini ta je ta miƙa wa wanda ya kayar da ita hannu, ta koma bakin injinta. Kamfanin ya fitar da sanarwa mai layi huɗu cewa ya sake duba manufarsa, shi ke nan, ko a jikinsa. Ƙudurin bai sake tashi ba, don ba a samu mai wahalar Nadiya ba.

Madam Odet ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta sa ni na kira duk wanda ya taɓa karɓar rahoto mai sa hannuna, ɗaya bayan ɗaya, in faɗa masa abin da na yi da bakina. Kwana uku ina kira. Wasu suka janye aikinsu daga buron, aka sallami abokan aikina biyu da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ni ba ta kore ni ba, ta dai karɓe sa hannuna. Tun daga ranar nake haɗa dosiye wani ya sa hannu, yanzu ma yaron da na koya wa aiki ne ke sa wa nawa. Abin ya yi mini ciwo, yana kuma yi har gobe, amma ban taɓa cewa an zalunce ni ba.

Baba Lawali ya yi ritaya a shekarar. Na ɗauke ƙafa daga Stains, ranar salla sai dai in aika saƙo a waya. Shi ma bai neme ni ba. Sai da aka yi shekara biyu Hajiya ta kira ta ce ciwo ya kwantar da shi, yana ta ambatona. Na hau jirgi na je. Na tarar da shi a falo an jingina shi da matasai, ya rame, hannu ɗaya ba ya ɗaguwa. Muka gaisa kamar ba komai. Sannan ya ce Hajiya ta ɗauko masa kwat ɗin nan mai ruwan ƙasa, ya ce in sa hannu a aljihun ciki.

Ambulan ce, ta yi laushi don daɗewa. A ciki jerin sunayen ne, da sa hannun ma'aji, da ranar da aka buga shi, mako guda kafin zuwansa Lyon. Ya ce wani a hedikwata ne ya gano shi ya rene ni, shi ya sa aka tsallake mutanen sashen aka aiko shi, aka kuma faɗa masa abin da zai ce. Takardar ba su suka ba shi ba, shi ya ɗauko ta a ɓoye. Tana ƙirjinsa yana cin tuwona. Na ce Baba, ai da ka ajiye ta kawai a kan tabarma.

"Tsoro, ɗiyata," ya ce. "Saura wata kaɗan in aje aiki, ga ƙannenki suna lakwal, ba su ƙare karatu ba. Na ce ni ba ni iya hiddo ta da kaina. Amma in kika ce in nuna, wallahi sai in nuna, in ce Allah ne ya so. Sau ukku na tambaye ki."

Na ce kunya na ji.

"Na sani. Na dogara da tarbiyyar Madam ɗinki. Ashe tamu ta hi ƙarhi."

Ban ce na yafe ba, bai kuma roƙa ba. Na gyara masa matashi, na zauna har la'asar, na koma tasha da ambulan a jakata. Takardar ba ta da sauran amfani ga kowa, abin da ke cikinta duniya ta riga ta karanta. Bai kai azumin shekarar ba.

Wannan shi ne abin da na faɗa wa ɗaliban. Na ce na'ura tana iya nemo muku rajista, amma ba ita za ta zauna gaban babba ta ce ya nuna ba. Na ce musu takardar tana wurina har yau, sannan na dubi Balkisa na tambaye ta ko ta yarda da duk abin da na faɗa. Ta sauke wayarta, ta yi ƙasa da kai.

"Haba Inna," ta ce, "ke ce fa. Ai ba sai mun gani ba."

Sauran suka gyaɗa kai. Jakar tana kan cinyata, hannuna yana kan ambulan ɗin. Na ce ko akwai sauran tambaya, aka ce babu. Na sake tambaya da ana zuba shayi, na kuma tambaya a bakin ƙofa, na fito da ambulan ɗin yadda na shiga da ita.